Launin Ƙasa Da Abin Da Yake Gaya Wa Manomi

(Jawabi ga manoman Doka da kewaye, Kaduna)



Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin sabuwar rijiya a Doka ya ga abin mamaki. Mai haƙa yakan fara fito da baƙar ƙasa. Sai ja, sai marmara. Can ƙasa sai yumɓu mai ratsin fari da ruwan ɗorawa. Daga nan sai ruɓaɓɓen dutse. Rami ɗaya, launi iri-iri. Me ya kawo haka?

Asalin ƙasar Kaduna dutse ne mai tauri, irin na Kufena a Zariya. Ruwan sama da zafin rana sun yi shekaru dubbai suna ruɓar da shi. A cikin dutsen akwai ƙarfe. Kowa ya san fartanyar da aka bari a ruwa takan yi tsatsa. To, jar ƙasa tsatsar ƙarfe ce. Inda ruwa ke tsiyayewa da wuri, sai ta yi ja wur. Inda danshi ke daɗewa, sai ta yi ruwan ɗorawa. Inda ruwa ke kwanciya, kamar fadamun Kogin Kaduna, sai ta yi toka-toka. Inda ƙarfen ya wanke, sai a sami farar ƙasa, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara, Jihar Katsina.

Inda ƙarfen ya taru kuwa, sai ya daskare ya zama marmara. Ita ce ta rufe kan Dala da Goron Dutse a Kano. Maƙeran da suka fara zama a Dala sun narka tama a wurin.

Ba a nan kaɗai ake ganin haka ba. A tsibirin Morishus, cikin Tekun Indiya, akwai ƙauyen Shamarel. Tuddansa launi bakwai ne, har da shuɗi da shunayya. Dutsen da ya fito daga aman wuta ne ya ruɓe, ya bar ƙarfe da alminiyon, wato ƙarfen tukwanen girki. Tuddan rairayin Yusufari a Jihar Yobe kuwa iska ce ta tara su.

To, ina amfanin wannan ga manomi?

Baƙar ƙasar nan ta sama ita ce cimar amfanin gona. Baƙinta daga ruɓaɓɓen ganye da kara da taki ne. A gonar tudu ba ta da kauri. Idan gona ta fara komawa ja ko fari fat, alama ce ruwa yana kwashe ta. Idan aka yi sake har marmara ta fito fili, rana za ta gasa ta. Fartanya ba za ta shiga ba, masara ba za ta yi ba. Gyaran irin wannan gona yakan ci shekaru masu yawa.

Saboda haka a kiyaye abubuwa huɗu:

1. A yi kunya a gicciye, kada ta bi gangare.
2. A daina ƙone kara da ciyawa bayan girbi.
3. A kai takin gida gona kowace shekara.
4. A dasa itatuwa a gefen gona, kuma kada a haƙi ƙasar gini kusa da ita.

Kafin damina ta faɗi, kowa ya zaga gonarsa. Ya sara fartanya a wurare uku, ya dubi launin da ya fito. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.