Matashi Mai Otizim Da Neman Sana'a: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

 

Maganar da na zo da ita yau ta shafi waɗansu samari da 'yan mata waɗanda da wuya a rasa su a kowace gunduma. Za ku ga saurayi lafiyayye, ya kai shekara ashirin, ba ya haɗa ido da mutane, ba ya shiga hira, ƙarar kasuwa tana damunsa ƙwarai, amma akwai abu guda wanda ya ke wuni a kansa ba gajiya. Wani tattabarai ne, wani lissafi, wani kuwa kwance rediyo da ɗaurawa. Mutane su kan ce wawa ne, ko kuwa iska ta taɓa shi. Likitoci suna kiran wannan hali otizim. A gidajen rediyo a kan ce galahanga, ko da ya ke jama'a su kan haɗa waɗansu lalurori dabam cikin wannan suna.

Ya kamata mu fara sanin asalin abin. Da shi a ke haihuwar mutum, da shi kuma ya ke tsufa, domin ginin ƙwaƙwalwarsa ne ya bambanta, kuma gado yana da babban rabo a ciki. Ba hauka ba ne, ba aikin aljanu ba ne, ba laifin uwa ba ne. Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi. Takardar da ta jawo wannan zargi a Ingila a 1998, mujallar da ta buga ta ta janye ta a 2010. Bisa ƙididdigar masana ta shekarar 2021, wajen mutum 1 cikin 127 a duniya yana da otizim. Kowane Hakimi ya auna wannan da yawan talakawansa.

Ɗaya daga cikin likitocin da su ka fara bayyana halin sosai shi ne Leo Kanner, a birnin Baltimore na Amurka, cikin 1943, sa'ad da ya rubuta labarin yara 11. Na farkonsu sunansa Donald Triplett, an haife shi a 1933 a wani ƙaramin gari mai suna Forest, cikin jihar Mississippi. Tun yana yaro ba abin da ya ke so sai ƙirga da awo. Ana nan sai iyayensa suka kai shi wurin wani manomi da matarsa, ya zauna da su shekara huɗu. Da manomin ya ga yaron yana ta ƙirga kunyoyin masara, bai hana shi ba, sai ya ba shi garma, ya sa shi ya riƙa ƙirgawa yana noma. Da ya ga yana son awo, sai ya sa shi haƙar rijiya yana faɗin zurfinta. Daga baya Donald ya gama kwaleji a 1958, ya koma garinsu, ya yi aiki a bankin garin wajen shekara 65. Ya koyi tuƙin mota, yana wasan golf, ya zaga ƙasashe da yawa shi kaɗai. Ya rasu a 2023 yana da shekara 89, mutanen garinsu suna riƙe da shi a matsayin ɗansu.

Misali na biyu mace ce, Temple Grandin, wadda aka haifa a Amurka a 1947. Sai da ta wuce shekara uku kafin ta yi magana. Tana budurwa ta je gonar wata gwaggonta a Arizona, shanu suka shiga ranta. Ta lura da ƙananan abubuwan da su ke firgita saniya, waɗanda sauran mutane ba su kula da su, kamar inuwa a ƙasa, ko sarƙa tana lilo, ko ƙyallin ruwa. Da wannan sani ta zana hanyoyin shanu masu lanƙwasa waɗanda mahautai da yawa na Amurka su ke aiki da su, ta kuma zama farfesa a jami'ar jihar Colorado. Ita da kanta ta sha faɗi cewa da zanenta ta ke samun aiki, domin shi ta ke nuna wa masu ɗauka.

Darasin labaran nan biyu ɗaya ne. Abin da matashin nan ya ke ƙauna, wanda a ke gani kamar ɓata lokaci, sau da yawa shi ne ƙofar sana'arsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai son tattabarai a gwada shi da kiwon kaji. Mai kwance rediyo a kai shi wurin mai gyaran wayar salula. Mai ƙirga a zaunar da shi kusa da mai riƙe littafin kanti. Yarinyar da ta ke son jera abubuwa bi da bi, a gwada ta da ɗinkin hula ko saƙa. Kada kuma a ƙwace masa abin sha'awarsa don ya sami aiki, gama da shi ya ke hutawa.

Amma fa kada a ɗauka kowane mai otizim gwani ne. Akwai wanda ba ya magana ko kaɗan, wanda zai bukaci mai kula da shi har iyakar ransa. Shi ma yana da haƙƙin a kyautata masa. Ɗaure shi da mari, ko duka da sunan magani, zalunci ne, kuma in ya faru a ƙasar Hakimi bai kamata ya yi shiru ba.

Wahalar da su ka fi sha ita ce ta shiga aiki. Mai ɗaukar ma'aikata ya kan duba iya gaisuwa da zaƙin baki, nan kuwa su ke faɗuwa. Saboda haka in za ku danƙa irin wannan yaro ga maigidan sana'a, ku roƙa masa abu biyar. Na ɗaya, a gwada shi da aikin hannu na 'yan makonni, a bar yawan tambayoyi. Na biyu, a ba shi umurni ɗai ɗai, a fili, ba habaici ba zaurance, domin yadda aka faɗi magana haka ya ke ɗaukarta. Na uku, a tsayar masa da lokacin zuwa da na tashi, in za a sāke wani abu a gaya masa tun da wuri. Na huɗu, a ba shi wurin da hayaniya ta yi sauƙi. Na biyar, a biya shi ladansa cikakke a gaban shaida, a kuma hana sauran yara tsokanarsa, gama masu cuta su kan gane cewa ba ya iya jayayya.

Doka ma tana bayanku. A watan Janairu na 2019 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda ta ce ma'aikatun Gwamnati su yi ƙoƙari kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama daga cikinsu. In guraben aiki sun fito a ƙaramar hukuma, ku tuna wa shugabanninta wannan.

Ku kuma Malamai, aikinku shi ne ku bi ta hannun Dagatai da masu unguwa, da yardar iyaye, ku rubuta sunan kowane irin wannan matashi, da shekarunsa, da abin da ya fi so, da abin da ya ke damunsa. Littafin nan amana ne, kada ya fita daga ofis. Wanda ba a taɓa dubawa ba, a shawarci iyayensa su kai shi ga likita, kamar a asibitin koyarwa na Aminu Kano ko na Shika, don a tabbatar, gama kurumta da waɗansu lalurori su kan yi kama da otizim.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara domin masu wannan hali. Roƙona shi ne, kafin ranar ta zagayo, kowane Hakimi a cikinku ya sama wa ko da matashi ɗaya maigidan sana'a, ya kuma riƙa tambayar labarinsa a fada. Talakawa in sun ga Hakimi ya kula da yaro, ba mai sāke jifansa.

Allah ya taimake ku bisa riƙon amanar jama'a, amin. Haza wasalam.