Kalmomin Jagoranci a Harshen Ingilishi: Asalinsu da Nauyin da Suke Ɗauke da Shi

  

Bahasinmu na yau ya shafi kalmomin da Turawan Ingila suke siffanta mutumin da ya shige gaba a wani al'amari da su, kalmomin da muke cin karo da su kullum a jaridu da jawaban mahukunta, muna fassara su duka da "shugaba", alhali kuwa kowace ɗaya tana da asali da tarihi, waɗanda in aka yi tahƙiƙi a kansu za a iske suna ishara ga ma'ana guda, wato cewa gaba wurin wahala ne tun kafin ya zama wurin girma.

Tushe na farko na waɗannan kalmomi shi ne fagen fama. Tun daga shekarar 1066, lokacin da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na mayaƙa har kusan shekara 300, shi ya sa luggar soja ta Ingilishi take cike da aro daga Faransa. A cikinta akwai "vanguard", wadda asalinta rundunar da take tafiya gaban sauran runduna, abin da Larabawa suke kira muƙaddima, wadda ita ce take fara karo da abokan gaba kafin na baya su ji ko da ƙarar makami. Haka kuma "spearhead" tsinin mashi take nufi, wanda shi yake huda, shi kuma yake dakushewa. Amma wadda ta fi cancantar a dakata a kanta ita ce "pioneer", domin a yau ana jingina ta ga manyan masana da masu ƙirƙira, har Amurka ta raɗa ta wa kumbon da ta harba a 1972, alhali a ƙarni na 16 sunan ƙaramin dakare ne, wanda ake turawa gaba da diga da shebur ya share hanya, ya haƙa ramukan fako, domin mahaya su wuce cikin sauƙi. Wanda ya fi kowa ƙanƙantar muƙami a rundunar, sunansa ne ya zama laƙabin yabo ga duk wanda ya buɗe wata ƙofa ta ilmi.

Tushe na biyu shi ne teku, kuma ba abin mamaki ba ne ga mutanen tsibiri waɗanda arzikinsu da ƙarfinsu suka dogara ga jiragen ruwa. Inda Bahaushe, mutumin doki da raƙumi, zai ce wane ya riƙe ragama ko akala, Bature cewa yake yi wane yana kan "helm", wato abin da ake juya jirgi da shi. "Pilot" shi ne masanin mashigar ruwa da yake raba jirgi da duwatsu, kuma da wannan ma'ana Nnamdi Azikiwe ya sa wa jaridarsa suna West African Pilot a Legas a 1937. Ita kanta kalmar gwamna da muka ara, in aka bi silsilarta ta cikin Latin har zuwa Girkanci, matuƙin jirgi take nufi. "Flagship" kuwa jirgin da yake ɗauke da tutar babban kwamandan ruwa ne, wanda ake kira "admiral", kalmar da ita ma Turawa suka samo daga amir na Larabci. Kowa ya sani matuƙi ba shi da wata mafaka daban da ta mutanen da ya ɗauko, in jirgi ya nutse da shi zai nutse.

Tushe na uku daji ne. Mutanen da suka kutsa cikin dazuzzukan Amurka sukan sassaƙe ɓawon itatuwa su bar farar alama domin na baya kada su ɓata, daga nan aka sami "trailblazer". Uwar kalmomin duka kuwa, wato "lead", a tsohon Ingilishi ma'anarta a sa wani ya yi tafiya, saboda haka ba a kiran mutum da ita sai akwai tafiya, akwai kuma matafiya.

To, jama'a, in muka waiwayo gida za mu ga magabatanmu ba su gaza wajen wannan fahimta ba. Ayarin fatake da yake zuwa Gwanja neman goro yana da madugu uban tafiya, wanda yake sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, yake ɗaukar alhakin rai da dukiya, yana kuma da jagaba da yake wucewa gaba ya duba hanya da zango. Jagora shi ne mai ja wa makaho gora, aikin da ba ya yiwuwa sai da amana. Liman, daga imam na Larabci, shi ne wanda ya tsaya gaban sahu, kuma malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan nauyin da yake wuyansa. Tutocin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bai wa almajiransa bayan hijirar 1804 alkawari ne aka ɗora musu kafin su zama sarauta, kuma ma'anar ke nan da Ingilishi yake nufi da "standard-bearer".

Saboda haka kirana iri biyu ne. Ga masu tarjama da 'yan jarida, ina roƙonku kada ku tattara waɗannan kalmomi a ƙarƙashin "shugaba" kaɗai, ku duba maƙasudin mai magana, ku zaɓi madugu inda ake nufin ɗaukar alhaki, jagaba inda ake nufin share fage, mai tuta inda ake nufin wakiltar aƙida, domin harshenmu yana da wadatar da za ta ɗauke su. Ga matasa kuma, waɗanda gobe za a kira su da waɗannan laƙubba, ku sani duk wanda ya karɓi sunan gaba ya karɓi wahalar gaba, kuma za a tambaye shi a kan waɗanda suka bi sawunsa. Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, ya sa mu zama mabiya na gari.