Haƙƙin Mai Saye Idan Mota Ta Ƙi Gyaruwa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Da sakatare ya aiko mini da takardar gayyata, sai na ga an zaɓa mini batun mota, alhali alli da allo na sani. Daga baya na gane dalili: duk garin nan an san abin da ya same ni, an kuwa ce wanda ya sha duka shi ya san zafin bulala.

A shekarar 2021 na ɗebi kaso mai tsoka daga garatutina na sayi mota ta hannu, irin wadda muke kira Beljiyam, a wajen wani dila a babban birnin jiharmu. Kwana 9 da saye giya ta fara ƙin shiga. Na mayar, suka riƙe ta mako 2, suka ce an gyara. Ba a yi wata ba ta koma gidan jiya. Sau huɗu ina mayarwa, kowane zuwa a shimfiɗa mini darduma, a kawo ruwa mai sanyi, a ce, "Baba, a ƙara haƙuri." Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga murya a gaban yaran da na haifi kamarsu. A tsakani har na kai ta wajen bakanikena ya kwance giyabos. Ranar da na ce a ba ni kuɗina, wata 5 ya wuce, kuma ban da rasit ba ni da ko takarda ɗaya da ke nuna na taɓa kai ƙorafi. Wani tsohon ɗalibina da ya zama lauya ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, kana da gaskiya, amma ka zo a makare."

Abin da ya koya mini shi zan isar muku. Akwai Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta gaji tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa a 1992. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci, marasa aibi, masu yin aikin da aka saye su dominsa. Sashe na 132 kuma ya ce idan kayan suka gaza haka, mai saye na iya mayar da su cikin wata 3 daga ranar da aka damƙa masa, ba tare da an ci shi tara ba, ɗawainiyar mayarwar tana wuyan mai sayarwa, shi kuma ko ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi.

Ku riƙe wannan wata 3 ɗin da kyau. Daga ranar karɓar makulli ake fara lissafi, kada wani ya ɗauka kwanakin da mota ta yi kwance a garejin dila za a cire masa. Duk "dawo jibi" da aka gaya mini, daga cikin kwanakina ake zaftarewa, ni kuma ina ta godiya.

Dokar ta kuma ɗora wa mai sayarwa nauyin tabbatar da cewa kayansa ba su da aibi idan aka yi zargi. Rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit, wai in an saya ba a mayarwa, ba ya shafe haƙƙin da doka ta bayar. Sai dai wannan kariya ta fi ƙarfi a kan wanda sayarwa ce sana'arsa. In daga hannun abokin aikinka ka saya, magana ta koma kan abin da kuka ƙulla da shaidun da suka ji.

Kada a zaci baƙon abu ne. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun daɗe suna karantar da babin mayar da haja saboda aibi: wanda ya ga aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa, amma in ya gani ya ci gaba da amfani da abin, ko ya yi shiru ba uzuri, ana ɗaukarsa ya yarda. Wanda aka nuna masa aibin tun wajen ciniki ya amince, ba shi da ta cewa. Da na zauna a zaure na tambaya, da na ji wannan kyauta.

A Amurka, inda yawancin motocin nan ke fitowa, jihohi suna da doka ta musamman kan sabuwar mota mai yawan lalacewa. A Kalifoniya, in an yi gyara huɗu kan matsala guda, ko motar ta kwana fiye da 30 a gareji, cikin wata 18 ko mil 18,000 na farko, ana ɗaukar kamfani ya gaza, sai ya musanya ko ya biya. Motocin da aka mayar ta wannan hanya akan sake sayar da su. Don haka kafin ka biya, ka sa yaro ya bincika tarihin lambar shasi a intanet.

In abin ya riga ya faru, ran da matsala ta bayyana ka rubuta wa dila takarda mai kwanan wata, ya sa hannu a kwafinka. Kowane gyara a rubuta ranar shiga da ranar fita da abin da aka canza. Kada bakanikenka ya taɓa ta, domin da wannan aka fara kafa mini hujja. In aibin ya dawo karo na biyu, ka daina karɓar alkawari, ka nemi musanya ko kuɗinka a rubuce. In an ƙi, ka kai ƙorafi FCCPC, ko hukumar kare masu saye ta jiha inda akwai, kamar Kano. Ƙofar kotu ma a buɗe take, amma ita ma da wa'adinta: ƙarar saɓa yarjejeniya shekara 5 ce a wasu jihohi, 6 a wasu, kuma neman diyya bayan shekaru ya fi mayar da mota cikin wata 3 wahala da tsada.

Mai girma shugaba, ina da roƙo guda. Muna da lauyoyi 'yan garin nan a Kaduna da Abuja da Legas. A nemi biyu ko uku su tsara mana takardar ciniki ta shafi ɗaya da Hausa, da samfurin takardar ƙorafi, a buga su a mujallar baɗi, kowane reshe kuma ya ajiye kwafi wajen sakatarensa. Ni na ɗauki nauyin duba rubutun.