Makaman nukiliya da buhun hatsinmu: jawabin ranar 26 ga Satumba a Figil



Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe yau domin kiran a kawar da makaman nukiliya. Wasunku sun ji maganarsu a rediyo, sun zo ofishin kariya suna tambaya: idan manyan ƙasashe suka gwabza, me zai same mu a nan?

Abin ya taɓa kusantar mu. Ranar 13 ga Fabrairun 1960, mako shida bayan Kamaru ta sami 'yanci, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Iska ta kwaso ƙurarsa mai guba ta yo kudu har Cadi. Da gwajin ya ci gaba, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Najeriya a Janairun 1961. Wannan gwaji ne kawai. A Hiroshima kuwa, bam ɗaya ya hallaka kimanin mutum 140,000 kafin ƙarshen 1945, kuma yawancin likitocin garin sun mutu ko sun jikkata. Shi ya sa kwamitin Red Cross na duniya yake cewa babu hukumar agajin da za ta iya ɗaukar irin wannan bala'i.

Yau ƙasashe tara ne ke riƙe da kusan makamai 12,000, mafi yawansu a hannun Rasha da Amurka. Idan suka ƙona birane, hayaƙin zai hau sama ya tare rana shekaru. Damina za ta ragu, dawa da masara da muskuwari ba za su yi ba, daga Marwa har bakin Binuwai. Ƙasashen da ke aiko mana da abinci su ma za su rufe rumbunansu. Mun ga yadda burodi ya yi tsada a Garwa a 2022 saboda yaƙin Yukiren, alhali ba a harba nukiliya ba.

Afirka ta haramta wa kanta waɗannan makamai da yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta fara aiki a 2009.

Roƙonmu gare ku: kada tsoro ya sa ku sayar da hatsinku ko ku bar wurin nan saboda saƙon WhatsApp. Duk labarin da ya tayar muku da hankali, ku kawo shi ofishin kariya mu bincika tare.

Allah ya zaunar da mu lafiya.