Hanyar Abinci Da Magani A Lokacin Yaƙi: Darasin 1967 Zuwa 1970

Abin da za mu tattauna a kai shi ne agajin da akan kai wa farar hula waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. Ba sai mun je nesa neman misali ba, gama a cikin ƙasarmu aka yi ɗaya daga cikin ayyukan agaji mafi girma da Afirka ta taɓa gani. Waiwaye, in ji masu magana, adon tafiya ne.

Yadda Yunwa Ta Shigo

Yaƙin basasar Nijeriya ya ɓarke ran 6 ga Yuli, 1967, ya ƙare ran 15 ga Janairu, 1970. Masu ƙiyasi sun sa yawan waɗanda suka rasu tsakanin 500,000 da 2,000,000, kuma sun haɗu a kan cewa mafi yawansu farar hula ne, yara ƙanana da tsofaffi, waɗanda yunwa da cuta suka kashe.

Ga yadda abin ya faru. Cimar mutanen Gabas doya ce da rogo, masu cika ciki amma ba su gina jiki sosai. Abin gina jiki daga waje yake zuwa musu, watau shanu da wake daga Arewa, da busasshen kifi daga ƙasar Nowe. Da Gwamnatin Tarayya ta toshe hanyoyin ruwa da na ƙasa, sa'an nan Fatakwal ta faɗa hannun sojojinta cikin Mayu, 1968, sai duk wannan ya yanke. Miliyoyin mutane suka matsu cikin ɗan yanki, suna kwana a makarantu da majami'u, ga gonaki sun bar su a baya.

Nan da nan tamowa ta bayyana, irin wadda likitoci ke kira kwashiyoko. Yaro yakan kumbura ƙafafu da fuska, gashinsa ya yi ja ya kakkarye, fata ta sassaɓe, ya ƙi cin abinci. Irin wannan yaro, ƙyanda ko zawo kaɗan ya ishe shi.

Gardamar Hanya

Kayan agaji sun taru a Ikko da tsibirin Fanando Po. Abin da ya gagara shi ne hanyar da za a bi da su. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ce a bi ta ƙasa daga Inugu, ko kuwa jirage su sauka da rana, domin da dare jiragen makamai suna sajewa da na abinci. Shi kuwa Ojukwu ya ƙi, ya ce sojoji za su biyo bayan motoci, ana kuma iya sa wa abincin guba. An zauna a Yamai cikin Yuli, 1968, aka koma Adis Ababa cikin Agusta, aka tashi ba a daidaita ba. Kowane gefe yana da hujjarsa ta soja, amma a watannin da aka ɓata ana wannan jayayya ne mace-macen yara suka kai maƙura.

Da haka sai aka koma ga jigilar dare. An faɗaɗa wani yankin titin mota a Uli, tsakanin Anaca da Oweri, ya zama filin jirgin sama. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar agaji ta majami'u ta yi sawu fiye da 5,000 daga tsibirin Sawo Tome, ta kai kaya wajen tan 60,000. Kwamitin Red Cross na Duniya shi ma ya yi nasa jigilar, har ran 5 ga Yuni, 1969, da jirgin yaƙin Nijeriya ya harbo wani jirginsa, matuƙan duka suka mutu. A ƙarshen watan nan Gwamnatin Tarayya ta karɓe shugabancin aikin agaji daga hannun kwamitin, ta danƙa wa Hukumar Farfaɗo da Jama'a ta Ƙasa. Kada kuma mu manta, a garuruwan da sojojin tarayya suka kama ma an ciyar da ɗimbin mutane, ma'aikatan Red Cross ta Nijeriya kuwa su ne suka ci gaba da wannan aiki bayan an ajiye makamai.

Abin Da Likitoci Suka Koya

Na ɗaya, in abinci bai isa kowa ba, tilas a san wanda ya fi bukata. Wasu ma'aikatan agaji 'yan ɗariƙar Kweka suka ƙago dabarar auna kaurin damtsen yaro a gwada da tsawonsa a jikin sanda. Irin wannan awo ne ake yi yau da ɗan zare mai launi uku. Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, in damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, awon yakan faɗa kan ja, ma'ana ransa yana cikin haɗari.

Na biyu, wanda ya daɗe da yunwa ba a cika masa ciki gaba ɗaya, don yin haka yana iya kashe shi. Ana fara masa da madara da sukari da mai, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini.

Na uku, a sansani cuta tana biye da yunwa ƙafa da ƙafa. Saboda haka ana tsakiyar yaƙi aka yi wa jama'a lambar agana da allurar ƙyanda. Mizanin da ƙungiyoyin agaji suke bi yanzu shi ne lita 15 ta ruwa ga mutum guda kowace rana, da masai ɗaya ga mutum 20.

Bugu da ƙari, wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a yankin Biyafara, cikinsu har da Bernard Kouchner, suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa a Faris cikin Disamba, 1971.

Abin Da Doka Ta Ce

A lokacin yaƙinmu, Yarjejeniyoyin Jeniba na 1949 sashe ɗaya tak suka keɓe wa yaƙin cikin gida, watau sashe na 3. A 1977 aka yi musu ƙari guda biyu. Ƙari na biyu, a sashe na 14, ya haramta amfani da yunwa a matsayin makami a kan farar hula, ya kuma hana lalata gonaki da dabbobi da wuraren ruwan sha. Nijeriya ta shiga wannan ƙari a 1988. A 2018 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sake jaddada haramcin cikin ƙuduri mai lamba 2417.

Har ila yau, doka ta bambanta wanda ya ƙetare iyaka da wanda ya yi gudun hijira cikin ƙasarsa. Na farkon yana da Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969. Na biyun sai a 2009 ya sami tasa, watau Yarjejeniyar Kampala, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2012. Amfaninta bai daɗe ba ya bayyana, gama a 2015 waɗanda rikicin Arewa maso Gabas ya kora daga gidajensu sun zarce 2,000,000.

Abin Da Ya Rataya A Kanmu

Darasin a fili yake. Hanyar abinci da magani tilas a daidaita ta tun farkon rikici, kafin yara su kumbura, kuma kada wani gefe ya mai da ita abin ciniki. Alhakin wannan yana kan hukuma da masu riƙe da makamai, amma kowannenmu yana da nasa rabo. A girmama alamar jan gicciye da jan jinjirin wata, kada a ɗora ta a motar da ba ta agaji ba. Wanda aka ba amanar rabon kaya, kada ya tambayi ƙabila ko addinin mai karɓa, kada kuma buhu ko ɗaya ya ɓulla a kasuwa. In baƙin gudun hijira sun sauka a garinku, a sanar da mai unguwa da hukuma da wuri, a kai yaransu awo da rigakafi. Uwar da ta ga ƙafafun ɗanta sun kumbura, ta kai shi asibiti ran nan, kada ta jira gobe.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowane ɗan gudun hijira gidansa.