Shayin da ake ɗurawa cikin ɓawon lemu

Ganyen shayin da muke dafawa kan gawayi, na farko, na biyu, na uku, mafi yawansa daga ƙasar Sin yake zuwa, kuma kore ne. To yau zancenmu kan wani shayi ne na can wanda launinsa, ƙamshinsa da dahuwarsa duk daban suke. Ƴan uwanmu masu zuwa sarin kaya Guwanzu suna cin karo da shi a kasuwar shayi. Za ka ga wani ɗan dunƙule kamar ƙwan zabuwa, an naɗe shi da takarda. In ka buɗe, busasshen lemu ne, cikinsa cike da baƙin ganye. Sinawa na ce masa ganpu.

Lemun, irin tanjarin ne da ake nomawa a Shinhuwai, gundumar da ba ta da nisa da Guwanzu. Mutanen wurin sun daɗe da sanin darajar ɓawo. Suna shanya shi su adana, kuma ba sa kiransa tsohon ɓawo sai ya kai shekara 3. Ganyen kuwa daga lardin Yunan ake kawo shi, sunansa puwar. Ana tara ganyen tsibi, a yayyafa ruwa, a lulluɓe shi makonni har ya yi zafi ya rine, ya koma baƙi-baƙi. A 1973 aka fara wannan dabara a masana'antar shayi ta Kunming, don a samu cikin ɗan lokaci abin da da sai an jira shekaru. Ku makiyaya, irin wannan baƙin shayi na ƴan uwanku ne tun asali: makiyayan Tibet sun daɗe suna karɓar curinsa a bakin dawakai, su dafa da man shanu da gishiri.

Yadda ake haɗa su: a yanke wa lemu hula, a ƙwaƙule tsokar, a wanke, a ɗura ganye, a mayar da hular, a busar. Wanda aka tsinka ɗanye shar a watan Yuli ko Agusta ƙarami ne, ƙamshinsa na da kaifi. Wanda ya nuna ja a ƙarshen shekara ya fi girma, ya fi zaƙi-zaƙi.

To ga inda mutumin namu zai yi ɓarna. In ka jefa shi a buta ka bar shi yana tafasa kamar namu, ka antaya sukari, man ɓawon zai fito gaba ɗaya, ɗaci ya rufe komai, ka ce an cuce ka. Shi ba haka ake masa ba. Cire hular, sa shi a kofi ko ƙaramar buta, ka zuba tafasasshen ruwa daidai ramin. Ruwan farko zubar da shi, wanki ne. Na biyu ka ƙirga goma zuwa ashirin ka tsiyaye. Kowane zagaye ka ɗan ƙara masa lokaci. Guda ɗaya mai kyau yakan ba da zagaye goma ko fiye, ya ishi majalisa tun hantsi har azahar. Masu son ya yi ƙarfi sukan huda jikinsa da tsinke, ko su farfasa shi su ɗebi ganye da ɓawo tare.

Ruwan ja ne mai duhu, amma ya kamata ka hango gindin kofi. A zagayen farko-farko lemu ne ke magana. Daga na huɗu sai ganyen ya buɗe, ka ji ƙamshi kamar na ƙasa in ruwan farko ya sauka, ga santsi a maƙogwaro. Ni dai a ganina, wanda ya saba da sukari ya daure ya sha kofi biyu babu shi, kafin ya yanke hukunci.

Ƴan kasuwa, ku buɗe ido wajen saye. Ba kowane lemu aka ce na Shinhuwai ne ya fito can ba. Wanda aka shanya a rana ko aka busar da ɗan ɗumi ya fi tsada. Wanda aka gasa da wuta mai ƙarfi don sauri, ɓawonsa ya yi baƙi, ƙauri ne kawai. Farin gari siriri a jikin ɗanyen lemu ba lallai aibi ba ne, man ɓawon ne ke fitowa ya daskare. Amma in ka ga gashi-gashi, kore ko baƙi, ga warin ruma, wannan funfuna ce, kada ka saya, kada ka sha. Ka ce mai shago ya fasa guda ya dafa a gabanka. Al'adarsu ce, ba zai ji haushi ba. In kaya sun iso gida, a ajiye su a busasshen wuri, nesa da turare, sabulu da fetur, domin ganyen shayi na zuƙe duk warin da ya kwana kusa da shi. Da damina kuwa a ɗaga kwalin daga ƙasa, a riƙa buɗewa ana dubawa.