Tsohon Zaure: A Rushe Ko A Gyara?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito daga wani manomi a ƙasar Bauci. Ya ce a garinsu akwai tsohon zauren hakimi na ƙasa, ya fara yoyo, bango guda ya tsage. Samari sun ce da an gama girbi a rushe shi a yi na bulo da kwano. Dattawa kuwa sun ce kul, sun ji labarin in gini ya tsufa ya zama na gwamnati, wanda ya taɓa shi sai kurkuku. Shi ne yake tambaya, ina gaskiyar magana?

To malam, mun gode. Da farko dai tsufa kaɗai ba ya mayar da gini na gwamnati. Akwai Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda doka ta 77 ta shekarar 1979 ta kafa. Sai an bincika gini, an ayyana shi a hukumance, sannan ya shiga jerin waɗanda doka ta kare. Wanda ya shiga ɗin nan, laifi ne a rushe shi, ko a ɓata shi, ko a sauya masa fasali ba da izinin hukumar ba. Saboda haka ku je gidan tarihin da ke Bauci ku tambaya ko zaurenku yana cikin jerin, kafin kowa ya ɗaga diga.

Misali yana nan kusa da ku. A Kafin Madaki, hedkwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa, akwai Gidan Madaki. An gina shi wajen shekarar 1860, zamanin Sarkin Bauci Ibrahim, kuma ana danganta aikin ga Babban Gwani, shahararren maginin nan na Zazzau. Tun 1956, kafin samun 'yancin kai, aka ayyana shi cikin gine-ginen da doka ta kare, yana cikin na farko-farko a Nijeriya. Ka ga ke nan ba sai birni ake samun ginin da ƙasa duka ke alfahari da shi ba. Kuma ba da siminti ko rodi aka tayar da shi ba. Tubali ne, da azara, da bakan gizo da ke ɗauke da rufi.

Amma ga inda nake so ka buɗe kunne. Takardar hukuma ba ta tare ruwan sama. Ginin ƙasa tamkar gona yake, in ka bar shi shekara biyu uku ba ka waiwaye shi ba, sai ya nuna maka. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa kowace shekara kafin damina suke hawa soro su duba. A share indararo don kada ruwa ya kwanta bisa rufi. A toshe tsaga tun tana ƙarama. A sake yaɓe, a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko a yi laso da katsin marina. A kuma gyara gindin bango ruwa ya riƙa gangarewa nesa, domin ta sama da ta ƙasa ruwa ke cin gini. Azarar giginya kuwa gara ba ta cika damunta ba, amma in danshi ya daɗe a kanta sai ta ruɓe.

Wasu za su ce a shafe shi da siminti a huta. A'a, malam. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna. Rana ta buga, simintin ya tsattsage, ruwa ya shiga ta bayansa, ya rasa hanyar fita. Daga waje ka ga bango sumul, ciki kuwa ya jiƙe ya yi laushi. Ranar da zai zube ba sallama.

Tsagar nan da ka ambata, kada ku yi wasa da ita. A watan Agusta na 2023 wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, shi ma aikin Babban Gwani, ya rufta wa masallata ana sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Fadar Zazzau ta ce an ga tsaga a bangon kwana guda kafin abin ya faru. Don haka daga yau ku hana zama da kwana a zauren, musamman yara, har sai gwanin magini ya duba. Rai ya fi gini, wannan ba gardama.

Su ma samarin ba a ƙi ta tasu ba. Suna son wurin taro mai kyau, haƙƙinsu ne. Fili bai ƙare ba, a yi sabon a gefe. Amma su tuna, ginin bulo ko yaushe aka sami kuɗi za a yi shi. Zauren da aka naɗa kakanninku a ciki, aka yi sulhun gonaki da na aure a ciki, in ya faɗi ya tafi ke nan. Maginan da suka iya ɗaurin guga ma ƙaranci suke yi.

Shawarata ita ce, bayan girbi ku zauna da hakimi da liman da Sarkin Magina. A kira gayya kamar yadda kuke yi wa gona: masu jakuna su ɗebo ƙasa, 'yan kasuwa su haɗa kuɗin azara, samari su yi kwaɓi, su kuma tsaya kusa da magini su koyi hannu. In ginin yana cikin jerin hukuma, a rubuta mata a nemi izini da taimako tukuna. Kada kuma ku sayar wa kowane baƙo tsohon ƙyaure ko tambari ko takobin da ke ciki, dokar nan ta hana cinikin kayan tarihi barkatai.

Malam, muna jiran wasiƙarka mu ji yadda kuka ƙare. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.